Daidaita Mai da Iska a Rabin Totur Bayan An Sauya wa Mota Inji

Gwaji biyu aka saba yi wa motar da aka ɗora wa sabon inji kafin ta bar gareji. Na farko, ta tashi da murɗa makulli ɗaya. Na biyu, in an take totur har ƙasa ta yi ruri. Da ta ci waɗannan sai makanike ya goge hannu, mai mota ya biya, a yi sallama. Ƙorafi kan biyo baya: tana shan mai, tana fizga in an riƙe ta a gudun kilomita 60 ko 80, salansa na warin ɗanyen fetur, fulogai sun yi baƙi ƙirin. Duk wannan a wurin da ba a gwada ba yake faruwa, tsakanin silo da cikakken totur, inda ƙafar direba ta ɗan danna kawai. Shi nake nufi da rabin totur, ko da dannawar ba ta kai rabi ba. A nan mota ke yin kusan duk tafiyarta, a nan kuma take ƙona mafi yawan man da aka zuba mata. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki a garuruwan Arewa, shan man mota ya daina zama ƙaramar magana.

Abin da ke yaudarar ko da ƙwararren makanike shi ne kunne ba ya auna mai. Injin da aka cika wa mai yakan yi sauti mai daɗi, ya yi silo lafiya lau, ya amsa totur ba gardama. Wanda aka rage wa mai shi ke tari da fizga. Don haka duk wanda ya yi saiti da kunne, hannunsa zai karkata wajen ƙari, ya tsaya inda ƙarar ta yi masa daɗi. Gani ya kori ji. Abin da zai nuna maka yadda man ke ƙonewa yana nan ɗaure a jikin salansa, wato sensar oksijin, kuma sau da yawa ita ake fara yanke wa waya ranar da aka ɗora injin.

Abin da sensa ke faɗa

Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tas, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Da nauyi ake lissafin, ba da lita ba. In lambar ta sauko zuwa 12 ko 13, mai ya yi yawa, haɗin ya yi kauri. In ta haura zuwa 16 ko 17, iska ta rinjaya, haɗin ya tsinke. Injiniyoyi kan raba lambar da aka auna da 14.7 su kira amsar lamda: lamda 1 daidai ke nan, 0.85 kauri, 1.10 tsinkewa. Motar da ke tafiya a rabin totur da haɗin 12.5 tana ƙona mai da ya ɗara buƙatarta da kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma ba ta ƙara gudu da shi ba. Wani ya fice ta salansa, wani ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara kwanon inji ya tsinka wanda ke can.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da sensar, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Irin ta asali, wadda har yau ta fi yawa a kasuwa, ɗan ƙoƙon tangaran ne na sinadarin zakoniya. Bayansa na cikin hayaƙi, cikinsa na shaƙar iskar waje. Bambancin oksijin tsakanin ɓangarorin biyu shi ke haifar da 'yar wutar lantarki: wajen folt 0.1 in haɗi ya tsinke, wajen 0.9 in ya yi kauri. A daidai 14.7 wutar kan yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ta ratsa 0.45. Ba ta aiki sai zafinta ya kai digiri 300 zuwa 350, shi ya sa masu waya 3 da 4 suke da hita a ciki. Mai waya ɗaya kuwa sai ta jira hayaƙi ya ɗumama ta.

Wannan sensa kamar wanda aka miƙa wa kunu ne ya kurɓa. Zai ce ya yi kauri ko ya tsinke, amma ba zai faɗi ludayi nawa na ruwa za a ƙara ba. Folt 0.85 na iya nufin 14.0, yana iya nufin 11.5. Ƙwaƙwalwar mota, birenbos, da kai-komo yake aiki da ita: ya ƙara mai har ta ce ya yi kauri, ya rage har ta ce ya tsinke, haka dai ba tsayawa. In inji ya yi zafi aka riƙe shi a juyi 2,500 a minti, lafiyayyar sensa za ta riƙa hawa da sauka kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Wadda ta kafe a 0.45, ko dai ba ta yi zafi ba, ko wayarta ta yanke, ko ta mutu.

Iri na biyu ita ce mai faɗin zango, kamar LSU 4.2 da LSU 4.9 na Bosch. Ita lamba take bayarwa, daga wajen 10 har sama da 20. Ta Bosch wayoyinta 5, tana aiki a zafin da ya kusa digiri 800, kuma ba a jona ta kai tsaye da birenbos na tsohuwar mota. Sai da na'urar da ke sarrafa ta, irin waɗanda Innovate da AEM suke ƙerawa, galibi tare da agogon da za a kafa gaban direba. Sensa ta gargajiya, wato irin ta asali, ta isa ka gane akwai matsala. Wanda zai taɓa saitin mai da hannunsa kuwa, sai da mai faɗin zango.

Akwai tarkon da masu aiki da injinan Toyota ya kamata su sani. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE da aka yi wa jihar Kalifoniya tana ɗauke da sensa mai faɗin zango, wadda aka yi wa sauran jihohin Amurka kuma ta gargajiya gare ta. Inji ɗaya, jiki ɗaya, kowacce waya 4, a ido da wuya ka raba su. Injinan da suka biyo baya, irin su 2AZ-FE, akasari mai faɗin zangon ce a gabansu. A sikana takan zauna kusa da folt 3.3 in haɗi ya daidaita (wasu ƙananan sikanoni 0.66 suke nunawa), ta haura in ya tsinke, ta sauka in ya yi kauri. Wato akasin ta gargajiya, kuma ba ta tsalle-tsalle. Wanda bai san ta ba sai ya ce ta mutu. In injin daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya fito, birenbos kuma daga wata motar, to sensar da birenbos ya sani za ka nema, ba wadda ta zo maƙale da manifol ba. Mita za ta raba maka gardama: hitar mai faɗin zangon Toyota ba ta kai om 4 in tana sanyi, ta gargajiya kuwa takan nuna om 11 zuwa 16.

Gyara kafin saiti

Oksijin kawai sensa take gani a cikin hayaƙi, ba ta san ta inda ya shigo ba. In salansa na da huji, ko gaskit ɗin manifol ya ƙone kafin hayaƙi ya iso gare ta, iskar waje kan tsotsu ciki tsakanin bugu da bugu. Sensa ta ce haɗi ya tsinke, birenbos ya ƙara wa inji man da ba ya so. A motar da aka sauya wa inji wannan ba baƙon abu ba ne, don kusan kullum sai mai walda ya yanka salansa ya ƙara guntu kafin ta haɗu da sabon manifol. Da sassafe, inji na sanyi, a tayar da shi, yaron gareji ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, kai kuma ka bi layin walda da tafin hannu ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Inda take hurowa za ka ji, kuma galibi za ka ga siririn zanen baƙar toka a gefen ɗinkin. Fulogi ko koyil da ke tsallake wuta ma haka yake yi: silindar da ba ta kama ba tana tura iskarta ɗanya cikin salansa, sensa ta ga oksijin ta ce mai ya yi kaɗan, alhali man na nan bai ƙone ba.

Wurin da aka dasa sensar shi ma aiki ne. Notin da ake walda mata M18 ne mai zare 1.5, sifana mai lamba 22 ke kwance ta. A dasa shi bayan bututun duk silindojin sun haɗe, kafin katalis, wanda kanikawanmu ke ce wa indomi. In aka dasa a reshen silinda ɗaya, labarin wannan silindar kaɗai za a riƙa samu. Mai faɗin zango ba ta son zafin da ya wuce kima, masu ƙera na'urorin kan ce a ba ta tazarar santimita 45 zuwa 60 daga kan inji. Kada kuma a kai ta kusa da bakin salansa inda iskar waje ke komowa ciki. Ta shiga daga sama ko daga gefen sama, tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 in ka ɗauki da'irar bututun a matsayin fuskar agogo. Dalili kuwa, ruwa kan taru a ƙasan salansa in inji ya huce, kuma ɗigo ɗaya a kan tangaran mai zafi ya isa ya tsaga shi. A inji mai siffar V, kamar 1MZ-FE, kowane gefe da sensarsa. In aka musanya soket ɗinsu, birenbos zai yi ta ƙara wa gefe ɗaya mai yana rage wa ɗayan har kowanne ya kai maƙura.

Wajen jona waya, a matse da ƙarfen matsi, kada a yi sodar wayar sensa, don wasu ta cikin zaren wayar suke shaƙar iskar waje. A ta Bosch mai waya 4, baƙa ce ke kai saƙo, mai ruwan toka ta ƙasa ce, fararen biyu na hita. A ta Denso shuɗiya ce ta saƙo, fara ta ƙasa, baƙaƙen biyu na hita. Rikita launukan nan ya sha kashe sabuwar sensa tun a gareji.

Sai al'adar nan tamu ta cire tamostat a jona fanka da makulli, wai don ƙasarmu da zafi. A ganina babu abin da ya kai ta ɓarnar mai a motocin injekta. Birenbos yana ƙara mai muddin inji na sanyi, kuma da yawansu ba sa koyon gyaran mai sai ruwa ya kai wani mizanin zafi. Tamostat na yawancin injinan Toyota a digiri 82 yake fara buɗewa. In babu shi, da safiyar hunturu a kan babban titi injin ba zai taɓa kaiwa can ba. Mayar da tamostat, a wanke lagireto, a bar fanka ta tashi da kanta. Ka kuma duba sensar zafin ruwa wadda birenbos ke karantawa, don a motoci da yawa daban take da wadda ke motsa allurar gaban direba. Irin ta Toyota takan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80.

Matsin mai da agogo ake aunawa, ba da ɗora yatsa a bakin tiyo ba. Injin injekta na son wajen ba 3, famfon kafireta kuwa bai kai rabin ba ɗaya ba. Wanda ya ɗora injin injekta a Peugeot 504 dole ya sauya famfo da filta da tiyo, ya kuma ja layin da zai mayar da ragowar mai tanki in injin mai buƙatar haka ne. In matsi ya faɗi daga ba 3 zuwa 2, man da nozul ke fesawa yakan ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Kuma nozuloli huɗun su zama iri ɗaya, masu lambar da birenbos ya sani, ba tsince-tsince daga injina uku ba.

Abu na ƙarshe, yadda birenbos ke sanin yawan iska. Wasu da sensar MAF suke aunawa, wadda ke cikin bututun iyakilina. An yi lissafinta ne bisa faɗin bututun da ta zo da shi. In aka zare ta daga bututu mai faɗin milimita 60 aka cusa a mai 70, hanyar iska ta ƙaru da kashi 36 cikin ɗari, sensar ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ke wucewa, haɗi ya tsinke. Wasu kuma da sensar MAP suke lissafi, mai auna matsin cikin manifol, su ɗauka girman injin bai sauya ba. Birenbos na 3S-FE mai cc 1,998 a kan 5S-FE mai cc 2,164, da nozul iri ɗaya, zai riƙa gaza mai da wajen kashi 8 cikin ɗari a ko'ina.

Karatu a kan hanya

Motocin Amurka tun 1996 da motocin fetur na Turai tun 2001 suna da soket ɗin OBD2. Mai rewaya kan bar shi ba jone in an sauya inji, don mota na tashi ko babu shi. Ka nace a jona. Da ƙaramar na'urar ELM327 da manhaja irin Torque ko Car Scanner a wayar hannu za ka ga abin da birenbos ke gani. Abubuwan da za ka ɗora a fuskar wayar su ne zafin ruwa, juyin inji, nauyin aiki, ko birenbos na sauraron sensa (CL ke nuna yana saurare, OL ba ya yi), sai lambobi biyu da su ne zuciyar aikin: STFT da LTFT. Ta farko gyaran da yake yi ne a wannan daƙiƙar. Ta biyu gyaran da ya koya ya adana. Haɗa su za ka yi. In STFT na +4, LTFT na +11, birenbos na ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan abin da ke rubuce a jadawalinsa, wato da ba don sensa ba da haɗin ya tsinke da wannan adadi. Ƙasa da 5, sama ko ƙasa, lafiya ƙalau. Har zuwa 10 ana zama da shi. In abin ya doshi 25 sai wutar cek ta kama, lambar P0171 ta fito in tsinkewa ce, P0172 in kauri ne.

Goge abin da birenbos ya koya bayan kowane gyara, don kada tsohon kuskure ya rikita sabon karatu. Bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya. Rubuta lambobin a silo, sannan a juyi 2,500 mota na tsaye. Daga nan sai titi, kuma mutum biyu ake buƙata. Direba idonsa a hanya, kai kana gefensa da waya da takarda. A nemi shimfiɗaɗɗen titi mara cunkoso, a riƙe gudun 40, 60, 80 da 100, kowanne na wajen rabin minti, ƙafa a tsaye cak a kan totur. Daƙiƙun farko lambar kan yi rawa, +9, -3, +6, sannan ta lafa a wuri ɗaya. Inda ta lafa shi za ka rubuta. A maimaita da iyakwandishan a kunne.

Siffar lambobin ita ke nuna inda ciwon yake. In ƙarin ya yi yawa a silo, a ce +18, amma ya sauko +4 a kan titi, iska ce ke satar hanya ta tsagaggen tiyo, ko gaskit ɗin manifol na shiga, ko wata kafa da aka manta ba a toshe ba lokacin ɗora inji. Ƙaramin huji yana da tasiri sosai in iskar da inji ke sha kaɗan ce, ya ɓace in ta yi yawa. In akasin haka ne, silo lafiya amma ƙarin na hawa da nauyin aiki, to a tuhumi famfo, ko filta, ko MAF mai datti, abin da ƙurar hunturu ba ta raina ba. In ragi ne mai yawa a silo, nozul na ɗiga, ko matsin mai ya wuce kima, ko robar cikin regileta ta fashe mai na bin tiyon iska. Zare tiyon ka sansana. In kuwa lambar kusan ɗaya ce daga silo har gudun 100, to kayan ne ba su dace da juna ba: girman nozul, girman inji ko birenbos.

Tsofaffin Toyota da suka riga OBD2 suna da ɗan akwatin gwaji a gefen inji. Ƙafar OX1 na ba da saƙon sensa kai tsaye, VF1 kuma, in ba a haɗa wata waya a akwatin ba, tana nuna gyaran da aka koya: folt 2.5 daidai, in ta doshi 5 ana ƙara mai, in ta doshi 0 ana ragewa.

Birenbos na kamfani ba a cika samun hanyar sake masa jadawali ba, don haka saiti a nan yana nufin kawo masa kayan da ya saba da su. Ban yarda da dabarar sa regileta mai juyawa don a rage shan mai ba. Duk abin da ka rage a rabin totur sensa za ta sa a mayar da shi, sai dai ka ɓata haɗin cikakken totur, inda birenbos ba ya sauraron sensa, inda kuma tsinkewa ke ƙona fistin.

In birenbos mai karɓar saiti ne

Wanda ya sa Megasquirt, Speeduino, Haltech ko Link shi ne ke yin saiti na haƙiƙa, da kwamfuta a cinya da sensa mai faɗin zango. Biyun farko da manhajar TunerStudio ake shigarsu. Jadawali biyu ne a gabanka, kowanne da juyin inji a gefe ɗaya da matsin manifol a ɗayan. Ɗaya na haɗin da kake so ne, ɗayan, VE, na yawan iskar da inji ke sha a kowane gida na jadawalin. Inji a silo kan nuna kPa 30 zuwa 40, tafiyar rabin totur 40 zuwa 70. Cikakken totur kuwa ya danganta da tudun garinku. Murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba ka gani: a Kano wajen 96 za ta nuna, a Jos da ke sama da mita 1,200 wajen 88.

Fara da jadawalin abin da kake so. A silo, 14.0 zuwa 14.7. A rabin totur, 14.7 in motar na da katalis, don a nan kaɗai yake tace hayaƙi yadda ya kamata. In babu shi ana iya kaiwa 15.0 zuwa 15.5 a inda aikin ba nauyi, a ɗan samu sauƙin mai, amma gurɓatacciyar iskar nan mai sinadarin naitirojin tana ƙaruwa a wannan yanki, kuma haɗin da ya tsinke a hankali yake ci, sai an ɗan gabatar da wutar fulogi. Daga kPa 70 zuwa 85 a riƙa saukowa 14 zuwa 13.5, a cikakken totur 12.5 zuwa 13 ga injin da ba shi da tabo. Ga motar da ke ɗaukar lodi a zafin watan Afrilu, tana kuma shan man 'yan bumburutu wani lokaci, shawarata a fara ƙara kauri da wuri. Ɗan man da za a yi asara bai kai kuɗin fistin da ringi ba.

Lissafin gyaran VE ba wuya. Ninka lambar da ke gidan da haɗin da aka auna, ka raba da haɗin da kake so. Gida na nuna 52, agogo na nuna 16.0, kai 14.7 kake nema: 52 sau 16.0 a raba da 14.7, ya ba ka wajen 57. Kashe gyaran kai-tsaye na sensa yayin wannan aiki, ko ka taƙaita shi sosai, in ba haka ba zai riƙa ɓoye kuskuren da kake nema. Direba ya riƙe giya ta 3 ko ta 4, ya danna totur sannu a hankali yadda ɗigon da ke yawo a jadawalin zai zauna gida ɗaya na wasu daƙiƙu kafin ya matsa. Ɗan hawan tudu na taimakawa wajen isa gidajen sama ba tare da gudun ganganci ba.

Karatu iri uku ake zubarwa. Na lokacin da ƙafa ke motsi, don ƙarin man da ake fesawa a lokacin daga wani saitin yake fitowa. Na lokacin da aka saki totur gaba ɗaya, don an yanke mai, agogo zai nuna tsinkewa har ƙarshe. Da na sanyin inji. Ka kuma tuna hayaƙi na ɗaukar lokaci kafin ya iso sensa, a ƙaramin juyi har ya kai rabin daƙiƙa ko fiye, saboda haka abin da agogo ya nuna yanzu na gidan da ka baro ne. TunerStudio na da sashen da ke yin gyaran da kansa, yana kuma rage wahala, amma ka bi bayansa. Gida mai 71 a tsakiyar maƙwabta masu 55 ba halin inji ba ne, gurɓataccen karatu ne, a daidaita shi da hannu.

In gidajen silo da na ƙaramin totur sun ƙi zama, yau daidai gobe ba daidai ba, musamman in an kunna fitila da fanka, duba lokacin da nozul ke ɓatawa kafin ya buɗe. Wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, yana ƙaruwa in wutar batir ta ragu. A silo duk feshin bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin dubu ba, don haka ƙaramin kuskure a nan babba ne. Sai jadawalin ya zo cikin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na abin da ake so sannan a mayar da gyaran kai-tsaye, a ba shi izinin kashi 10 sama da ƙasa, ya riƙa cike bambancin yanayi da na mai.

Masu kafireta ma agogon nan na yi musu aiki. Sukurun haɗi silo kaɗai yake gyarawa. A ƙaramin totur, ƙaramin jet ne ke ciyar da inji, babban jet sai an ƙara buɗewa yake karɓa. Daidaita tsayin mai a kwanon kafireta tukuna, sannan ka sauya jet ɗaya, mataki ɗaya, ka sake fita titi. Waɗanda suka mayar da mota mai amfani da gas na CNG kuwa su juya agogon zuwa lamda, don haɗin gas wajen 17.2 ne, amma lamda 1 ɗaya ce ga kowane makamashi.

Sensa na mutuwa da gam mai silikon da ake shafa wa gaskit, da ruwan lagireto in ya shiga silinda, da hayaƙin injin da ke cin baƙin mai, da fetur mai dalma. In ka zare ta, kan da ya yi fari fat alamar silikon ko ruwa ce, baƙar toka mai laushi alamar kauri. Kada a bar mai faɗin zango cikin salansa ba wuta, toka za ta toshe ta; in an gama aiki a cire a toshe ramin da noti. Jabun sensa sun cika kasuwa, araha kuma ba ta ado.

Hukunci na ƙarshe a gidan mai ake yanke shi. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta maleji, yi tafiyarka ta yau da kullum, ka koma famfon nan ka sake cikawa, ka raba kilomita da lita. Yi haka kafin gyara da bayansa. Kai kuma mai mota, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka ce a jona sikana a fita titi tare da kai, ka ga zafin ruwa ya haura 80, ka ga CL, ka ga STFT da LTFT a haɗe ba su wuce 10 ba a gudun 80.